Abin da ido ba ya gani a filin kiwo

Fili biyu ne gefe da gefe, damina ta kusa ɗaukewa. Ciyawar na farko ta kai kafaɗar mutum, ta fid da kai, iska na kaɗa ta. Ta na biyu ba ta wuce gwiwa ba, ganye ne zalla mai laushi, da 'yan tsirran dangin wake a tsattsakani. Duk wanda aka ce ya zaɓa wa garkensa ɗaya, na farkon zai nuna. To amma in aka yanko dami daga kowanne aka kai ɗakin gwaji, sau da yawa hukuncin juyewa yake yi: furotin ɗin doguwar bai kai kashi 5 cikin 100 ba, na gajeriyar kuwa ya haura 12. Saniyar da aka saka cikin doguwar ciyawa za ta cika tumbi fal, amma kullum haƙarƙarinta ƙara fitowa yake. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wannan rata tsakanin abin da ido ke gani da abin da dabba ke samu ita ce ta haɗa masana tsirrai, masana ƙasa da masana abincin dabbobi a kan aiki ɗaya sama da shekara 150. Fagen kuwa ba ƙarami ba ne, don filayen ciyawa sun mamaye kusan kashi 40 cikin 100 na doron ƙasa in aka cire Antatika da Girinlan. Abin da binciken ya yi ta nanatawa a nahiyoyi daban-daban shi ne, lafiyar filin kiwo tana rataye a kan abubuwan da mai wucewa ba ya lura da su: ganyen da ya rage bayan an yi kiwo, saiwar da ke ƙarƙashi, sinadaran da ƙasa ke iya bayarwa, da ranar shiga da ranar fita.

Awo kafin magana

Mai bincike ba ya tsayawa ga cewa "akwai ciyawa". Tambayarsa ita ce kilo nawa ne na busasshiyar ciyawa a kan hekta guda. Sabuwar tohuwa kashi 75 zuwa 85 cikin 100 nata ruwa ne, saboda haka nauyinta ɗanya ba ya nuna komai.

Ana amfani da firam na ƙarfe ko katako mai kusurwa huɗu, rabin mita kowane gefe. A ajiye shi a wurare 20 zuwa 30 bisa layin da ya ratsa filin, a yanke duk abin da ke ciki daf da ƙasa, a zuba a jakar takarda. Leda ba ta yi, ciyawar gumi za ta yi a ciki ta fara ruɓa kafin a isa. Sai a busar a tanda mai zafin digiri 60 zuwa 65 na kimanin sa'a 48, har nauyin ya daina sauka. Matsakaicin giram ɗin da aka samu a ninka shi sau 40, ya ba da kilo a hekta. Kuskuren da ya fi yawa daga hannun mai ajiye firam yake fitowa, don ko bai yi niyya ba sai ya karkata zuwa inda ciyawa ta fi kauri. Shi ya sa ake tsai da yawan takun da za a yi tsakanin awo da awo tun kafin a shiga filin, inda ƙafa ta tsaya nan za a yanka, ko da fako ne. In kuma dabbobi na cikin filin, sai a kakkafa kejin waya a wasu wurare, don a san abin da ya tsiro da baki bai taɓa ba.

A ɗauki misalin fili mai hekta 100 da aka samu giram 45 a kowane firam. Wannan kilo 1,800 ke nan a hekta, jimilla tan 180. Ma'aunin da ake lissafi da shi a ƙasashe masu zafi shi ne saniya mai kilo 250, wadda ke cin kilo 6.25 na busasshen abinci a yini, wato kashi 2.5 cikin 100 na nauyinta. In ranin na kwana 210 ne, kowace saniya na buƙatar kusan kilo 1,310. Mai gaggawa zai raba tan 180 da wannan adadi ya ce filin zai ɗauki shanu 137. Ba zai ɗauka ba. Wani kaso kofato ne zai tattake shi, wani gara da iska da rana su cinye, wani ya ɓaci da kashi, wani kuma tilas a bar shi ya rufe ƙasa. Abin da ke shiga baki a zahiri bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. In aka yi lissafi da kashi 30, shanu 41 ne kawai. Tsakanin 41 da 137 ɗin nan ne filayen kiwo da yawa suka mutu.

Me ya sa ake barin saura

Ciyawa ta sha bamban da yawancin tsirrai, don inda take girma yana gindinta daf da ƙasa, ba a ƙolin reshe ba. Baki ko lauje na iya ɗauke ganyen, ita kuma ta ci gaba da turo shi daga ƙasa. Sai dai sabon ganyen da bashi ake yin sa. A kwanakin farko bayan an cinye ta, tana ɗibar sukarin da ta tara a gindin kara, tana kuma jingina da ɗan koren ganyen da ya rage. Wadda ke fara jin jiki ita ce saiwa.

A 1955 Franklin Crider na ma'aikatar noma ta Amurka ya shuka ciyayi a akwatuna masu gilashi a gefe, ta yadda zai riƙa ganin saiwoyin yana auna su kullum. Da ya yanke kashi 40 na ganye ko ƙasa da haka, saiwa ba ta tsaya ba. Da ya kai rabi, kaɗan ne suka tsaya. Da ya yanke kashi 80, duk saiwoyin suka daina girma har kwana 12, a kashi 90 kuwa har kwana 17. In aka sake yanka kafin su farfaɗo, tsayawar ta ƙara tsawo. Daga irin wannan aiki ne ƙa'idar nan ta "ci rabi, bar rabi" ta samu gindin zama. Rabin kuma na nauyi ake nufi, ba na tsawo ba, kuma da yake ciyawa ta fi nauyi daga ƙasa, rabin nauyinta yakan rage ne a ƙasa da rabin tsawonta.

Illar gajeriyar saiwa ba ta bayyana a shekarar da ruwa ya wadata. Sai an samu tsaikon ruwa na mako uku a tsakiyar damina, sannan a ga gefen da aka yi wa kiwon ƙarƙaf ya yi yaushi, maƙwabcinsa yana nan kore shar. A kan ɗora wa fari laifi, alhali tun bara aka yanke wa ciyawar hanyar isa ga damshin da ke ƙasa.

Ita kuma dabba ba lauje ba ce, zaɓe take yi. Inda ta ci shekaranjiya nan za ta koma, don tohon ya fi laushi da zaƙi. Haka gindi ɗaya zai sha ci sau biyar, na kusa da shi da aka tsallake tun farko ya tsufa ya yi kara, babu mai taɓa shi. A hankali ciyayi masu daɗi da ke shekara da shekaru a gindinsu, irin gamba, su ragu, masu fitowa daga iri kowace damina irin ƙarangiya su maye gurbinsu, bayansu kuma tofa da ƙaya da abin da dabba ba ta ci. Filin yana nan kore ga mai kallo daga nesa, amma ba filin da ba ne.

Juya kiwo, ko rage baki?

Bafaranshen nan André Voisin, manomi kuma masanin sinadarai, shi ne ya yaɗa maganar hutun fili a shekarun 1950. Ya lura cewa tohuwar ciyawa kan fara a hankali, sai ta zabura, sannan ta lafa in ta kusa fid da kai. Saboda haka ya ce a raba fili yanki-yanki, kada shanu su wuce kwana uku a yanki ɗaya, kada kuma a dawo sai ciyawa ta ci moriyar lokacin zaburarta. A ƙasashe masu sanyi da ruwan sama mai yawa har an samu alamar da ake dubawa a jikin ciyawar. Ciyawar da ake kira ryegrass, wadda kiwon shanun madara na Niyu Zilan da Ayalan ya dogara da ita, ganye uku kacal take riƙewa a kowane tsiro, in na huɗu ya leƙo na farko ya fara mutuwa. Lokacin shiga shi ne tsakanin ganye biyu da uku. Kafin haka ba ta gama biyan bashinta ba, bayan haka asara ake yi.

Tsarin ya karɓu har wasu suka ɗauke shi maganin kowace cuta. A 2008 David Briske da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen shekaru masu yawa da aka yi a busassun filayen kiwo, inda aka gwada juya kiwo da barin dabbobi wuri ɗaya. A 20 cikin gwaji 23, ciyawar da aka samu ba tare da juyawa ba ta kai ko ta fi ta juyawar. A 35 cikin 38, ƙibar kowace dabba ma haka. Wannan rahoto ya tayar da ƙura, kuma masu sukarsa suna da abin faɗa: filayen gwaji ƙanana ne, jadawalin juyawarsu kuma a kafe yake, ba kamar mai kiwon da ke duba ciyawa ya sauya shawara ba. Duk da haka abu ɗaya ya tsaya bayan ƙurar ta lafa. Shinge ba ya haifar da ciyawa. In bakin ya fi abincin yawa, ko yanki 50 aka raba filin, ƙarewa zai yi.

Lissafin yawan baki kuwa an daɗe da fayyace shi. A 1974 Jones da Sandland a Ostareliya suka nuna cewa ƙibar kowace dabba tana sauka daidai-wa-daida yayin da ake ƙara dabbobi a hekta, ƙibar da hektar ke bayarwa gaba ɗaya kuma ta hau ta kai ƙololuwa sannan ta gangaro. A misali, in sa ɗaya a hekta zai ƙara kilo 150 a shekara, biyu su ƙara 100 kowanne, uku 50 kowanne, huɗu kuma ba su ƙara komai ba, to hektar ta ba da 150, 200, 150 da sifiri. Ƙololuwar tana daidai rabin adadin da ƙiba ke tsayawa cak. Mai hankali ma ƙasa da ƙololuwar yake zama, don a shekarar da ruwa ya gaza, wanda ke kan ƙololuwa shi ne farkon faɗawa.

Akwai inda wannan lissafi ke rauni. Ellis da Swift, bayan dogon bincike a yankin Turkana na Kenya, sun bayyana a 1988 cewa inda ruwan sama ke tashi da faɗuwa sosai daga shekara zuwa shekara, fari kan rage dabbobi tun kafin su kai ga cinye filin. A irin waɗannan wurare ruwa ne ke tafiyar da ciyawa fiye da baki, kuma tsayayyen adadi guda na dabbobi ba shi da ma'ana sosai. Abin da ke aiki shi ne tafiya da garke inda ruwa ya sauka, da rage shi da wuri in shekara ta nuna alamar ɓaci.

Ciki cike, jiki na ramewa

Saniya ba ita ke narkar da ciyawa ba. Ƙananan halittun da ke tumbinta ne ke yi, su kuma suna buƙatar naitirojin don su hayayyafa. A ɗakin gwaji ana auna naitirojin ɗin ciyawa, galibi ta hanyar da Kjeldahl ya ƙirƙiro a 1883, a ninka da 6.25, ya ba da furotin. In ya faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100, halittun tumbi sun rage aiki, abinci ya daɗe bai wuce ba, saniyar ta kasa cin ƙari ko da tana tsaye cikin ciyawa har wuya. Ciyawar ƙasashe masu zafi takan fara da kashi 12 zuwa 15 tana sabuwa, ta sauko 6 zuwa 8 in ta fid da kai, ta ƙare a 2 zuwa 4 in ta bushe a tsaye. A daidai wannan lokaci kara na ƙaruwa, ganye na raguwa, liginin, sinadarin da ke mayar da kara kamar itace, yana ɗaure zaren ciyawar yadda halittun ba sa iya kutsawa. Hanyar da Peter Van Soest ya fito da ita a shekarun 1960 ita ce ta ba da damar raba zaren gida biyu a awo: jimillarsa, wadda ke nuna yawan abin da dabba za ta iya ci, da ɓangarensa mai tauri, wanda ke nuna yawan abin da zai narke.

Maganin ƙarancin furotin bai kai girman da ake zato ba. Ɗan abinci mai furotin, kamar harawa ko ganyen itatuwan dangin wake, yana farkar da halittun tumbi, sai dabbar ta ƙara cin busasshiyar ciyawar da da take ƙi. Ana kuma jiƙa tattaka da yuriya, kilo 4 zuwa 5 narke cikin ruwa ga kowane kilo 100, a rufe ruf da leda mako biyu zuwa uku, a buɗe ta sha iska kafin a bayar. Yuriyar da dabba ta lasa tsagwaronta ko ta sha a ruwan da ya taru kashe ta take yi cikin sa'o'i kaɗan, don haka ba abin wasa ba ce.

Ƙasa ce ke yanke hukunci

An daɗe ana ɗauka cewa a busassun ƙasashe ruwa kaɗai ne matsala. Wani aikin haɗin gwiwa tsakanin masanan Mali da na Holan a ƙarshen shekarun 1970, wanda Penning de Vries da Djitèye suka fitar da sakamakonsa a 1982, ya gyara wannan zato. A yankin Sahel, in ruwan shekara ya haura kimanin milimita 300, ƙarancin naitirojin da fosfaras ne ke taƙaita ciyawa fiye da ƙarancin ruwa. Abin mamakin shi ne, a arewa inda ruwa ya fi ƙaranci, ciyawar kaɗan ce amma mai ƙarfi, a kudu kuwa ruwa ya sa ta yi tsawo, ɗan naitirojin ɗin da ke ƙasa ya tsinke cikin kara mai yawa, kamar gishiri kaɗan a babbar tukunya. Irin wannan tsinkewa na cikin abin da ya samu doguwar ciyawar da aka fara da ita.

To sai a zuba taki ke nan? Gwajin ciyawa mafi tsufa a duniya yana da gargaɗi a kan haka. A 1856 John Lawes da Henry Gilbert suka yanka wani fili a Rothamsted ta Ingila gida-gida, kowane gida da irin takinsa, ana yanke ciyawar kowace shekara ana aunawa, kuma har yau ba a daina ba. Gidajen da ba a taɓa sa wa taki ba suna da tsirrai iri wajen 40. Waɗanda aka yi ta zuba wa takin amoniyam salfet ba tare da farar ƙasa ba sun yi tsami har ma'aunin pH ɗinsu ya sauka wajen 3.5, iri biyu ko uku suka rage. Taki ya ƙara yawan dami, ya kori dangin wake da sauran tsirrai, don ciyawar da ta fi saurin tsawo ta tare musu rana. Yawan iri kuwa ba ado ba ne. A Cedar Creek ta jihar Minesota a Amurka, Tilman da Downing sun nuna cewa a farin 1988 gidajen da suka fi yawan iri su ne suka fi jurewa, suka kuma fi saurin farfaɗowa.

Tsamin ƙasa yana cutarwa ta hanya biyu. In pH ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyon ɗin da ke ƙasa yakan narke ya ƙone bakin saiwa, ta zama guntuwa mai kauri. Fosfaras kuma ya manne da ƙarfe da alminiyon, yana nan amma tsiro ba ya iya ɗauka. Wannan ne ya sa filayen Serado na Barazil suka daɗe ba sa ɗaukar dabbobi da yawa, har sai da aka haɗa garin farar ƙasa, takin fosfaras da ciyayin Brachiaria da aka kawo daga Afirka masu jure tsami. Ƙarancin fosfaras yana bin ciyawa har jikin dabba. A Afirka ta Kudu, Arnold Theiler ya gano cewa shanun da ke tauna ƙasusuwan mushe neman fosfaras suke yi, kuma a nan suke kwasar gubar da ke shanye musu ƙafafu. Garin ƙashi da aka riƙa ba su ya tsayar da taunar, cutar ta ragu.

Ɗaukar ƙasa don gwaji yana da nasa ƙa'idoji. A bi filin a karkace, a tono wuri 15 zuwa 20 a zurfi ɗaya, santimita 10 ko 15, a cakuɗa, a ɗebi kamar rabin kilo. A kauce wa inda kashi ya faɗi, gindin itace, bakin mashaya da makwanci. Dalili kuwa dabba na mayar da kashi 75 zuwa 90 na sinadaran da ta ci ta kashi da fitsari, amma ba inda ta ci take mayarwa ba. Daga faɗin fili take kwasowa ta jibge inda take kwana da inda take sha. Gurbin fitsarin saniya ɗaya na iya samun naitirojin daidai da an zuba ɗaruruwan kilo a hekta, fiye da abin da ciyawa za ta iya sha, saura ya bi iska ko ruwa. Kashin ma sai da mai binne shi. A Ostareliya buzuzun ƙasar bai saba da kashin shanu ba, kashin ya riƙa bushewa a kan ciyawa yana tara ƙudaje, har hukumar bincike ta CSIRO ta fara sako buzuzu daga Afirka a ƙarshen shekarun 1960. Filin da ake yanke ciyawarsa a kwashe kuwa ba ya samun ko wannan mayarwar: tan 5 na busasshiyar ciyawa mai naitirojin kashi 1.5 ya tafi da kilo 75 ke nan.

Kofato a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, musamman mai laka, yana danne santimita 5 zuwa 10 na sama. Inda babu ragowar ciyawa, ɗigon ruwan sama kan farfasa ƙasar ya bar ɓawo a kanta, ruwa na gaba ya gangare bai shiga ba. Ana iya gani da gwangwanin da aka fasa gindinsa: a kafa shi a ƙasa, a zuba ruwa mai zurfin santimita 2.5, a duba agogo, a yi haka a ƙarƙashin ciyawa a kuma yi a kan fako.

Dangin wake da baƙin ciyayi

Hanya mafi araha ta shigar da naitirojin fili ita ce tsirran dangin wake, waɗanda ƙwayoyin halittar da ke ƙulle-ƙullen saiwarsu ke kamo shi daga iska. A tumɓuke ɗaya a tsaga ƙullin da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki, in fari ne ko kore, zaman banza yake. Ba sa kama ƙasa in fosfaras ya yi ƙaranci, kuma dogayen ciyayi kan shaƙe su in ba a yi kiwo da wuri an buɗe musu rana ba. Riƙe su a fili shi ne wahalar. A arewacin Ostareliya an shuka wani ɗan wake, Stylosanthes humilis, a faɗin ƙasa mai yawa, sai cutar ganye ta antaraknos ta bayyana a shekarun 1970 ta share shi, dole aka koma ga wasu irin masu juriya. Leucaena, wata itaciya ta dangin wake, tana da furotin sosai amma tana ɗauke da gubar mimosin, wanda ke zubar da gashi ya tsayar da ƙiba in ta wuce kimanin kashi 30 na abinci. Raymond Jones ya lura cewa awakin Hawai na cin ta ba abin da ke samun su, ya gano wata ƙwayar halitta ce a tumbinsu ke karya gubar, aka kai ta Ostareliya a farkon shekarun 1980 aka ɗura wa shanu. Alfalfa da kulobar, su ma dangin wake, suna kawo kumburin ciki in an saki mayunwatan shanu a kansu suna ɗanye da raɓa. Tohon dawa da bai kai santimita 50 ba, musamman bayan fari, yana iya ɗauke da gubar sayanaid.

Ciyawar da aka kai wata ƙasa ma tana iya zama masifa. Gamba, wadda sunanta ya bi ta har can, an kai ta arewacin Ostareliya don kiwo. Inda babu isassun bakin da za su danne ta takan kai mita 4, gobararta ta ninka ta ciyayin ƙasar zafi sau da dama har tana kashe itatuwa, kuma a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa. A Barazil kuma dogaro da iri ɗaya, Marandu na ciyawar Brachiaria, wanda hukumar binciken noma ta Embrapa ta fitar a 1984, ya jawo asara a sassan Amazon inda ruwa ke kwanciya, ciyawar ta riƙa mutuwa fili-fili.

Wuta da ajiya

Ƙona fili yana share tsohon kara, ya rage ƙaya, ya fito da toho mai furotin. Farashinsa shi ne yawancin naitirojin da salfa na ciyawar sun tafi da hayaƙi, ƙasa ta zauna tsirara. Mafi muni shi ne a ƙona don toho a tsakiyar rani sannan a saki dabbobi a kai nan take, don tohon daga ajiyar gindi yake fitowa ba tare da ruwan da zai mayar ba.

Ajiya ita ce hanyar kama ciyawa a ranar da ta fi amfani, wato daf da fid da kai. Ingirici sai damshinsa ya sauka zuwa kashi 15, ko aƙalla ƙasa da 20, kafin a tara. Sama da haka fumfuna ce da zafi, har tari na iya kamawa da wuta da kansa. In kuma ya bushe ƙarau ana jujjuya shi da rana tsaka, ganyen kakkaɓewa yake yi, a kwashi kara zalla, abin da ya fi samun dangin wake. Wanda zai adana ta ɗanya a rami ko leda, ya bar ta ta yi yaushi har busasshen nauyinta ya kai kashi 30 zuwa 35, a daddatsa santimita 1 zuwa 3, a danne sosai, a rufe a ranar. Iska ce abokiyar gaba. In aikin ya yi kyau, bayan mako uku zuwa shida za a ji ƙamshi mai ɗan tsami, pH ya sauka wajen 4. Wari mai ɗoyi alama ce an rufe ta da ruwa da yawa.

Hotunan tauraron ɗan'adam yanzu suna nuna koren fili daga sama kowane 'yan kwanaki, kuma suna da amfani wajen hango fari a faɗin ƙasa. Sai dai kore kawai suke gani, ba sa bambance gamba da tofa. Don haka har yanzu ana kafa turaku biyu na dindindin a fili, a ja layi tsakaninsu, a taka taku 100, kowane taku a rubuta abin da bakin takalmi ya taɓa: gindin ciyawa mai daɗewa, ciyawar shekara, ɗan wake, tarkacen ganye, ko ƙasa tsirara. A maimaita a mako ɗaya na kowace shekara, tare da hoto daga turken farko. In ƙasa tsirara ta tashi daga taku 20 zuwa 35 cikin shekara uku, kuma ruwan sama bai ragu ba, lokacin rage dabbobi ya yi, ko da shanun ba su fara nuna rama ba tukuna.